Mudun da Huntington Ya Auna Gana da Koriya

Ranar Litinin 28 ga Nuwamban 2022 Gana ta ci Koriya ta Kudu uku da biyu a gasar cin kofin duniya a Katar. Mohammed Salisu, ɗan Kumashi, shi ya fara zura ƙwallo, sannan Mohammed Kudus, yaron Nima, ya ƙara biyu. Duk wanda yake zango a ranar ya san irin ihun da aka yi. Washegari da safe na buɗe layin waya a shirina don jama'a su yi murna, kuma sun yi, har sai da wani dattijo da ya saba kiranmu ya shigo. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, mun ci su a ƙwallo, madalla. To a me kuma muka ci su? Wayar da nake kiranka da ita tasu ce. Tasin da ta kai ka aiki yau, in ka duba bayanta, tasu ce. An ce tare muka tashi da mutanen nan. Lalaci ne ya kashe mu, ba wani abu ba." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, za mu dawo kan maganar," na sa talla. Ban dawo ba, don a lokacin ba ni da amsa. Mako uku bayan haka gwamnati ta sanar da dakatar da biyan yawancin bashin da ake bin ta a waje, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Sai maganar dattijon nan ta tsaya mini a rai kamar ƙaya.

Wannan magana ta "tare muka tashi" tana da tushe a rubuce, kuma shi nake so in yi wa sharhi. A shekarar 2000 aka buga wani littafi a Amurka mai suna Culture Matters, wato al'ada tana da tasiri, wanda Lawrence Harrison da Samuel Huntington suka tattara maƙalolinsa. Huntington malamin kimiyyar siyasa ne a Jami'ar Harvard, Musulmi da yawa sun san shi saboda littafinsa na 1996 da ya yi hasashen karo tsakanin ƙasashen Yamma da duniyar Musulunci. Shi ya rubuta gabatarwar littafin, kuma da Gana ya buɗe ta. Ya ce ya ci karo da alƙaluman tattalin arzikin Gana da na Koriya ta Kudu na farkon shekarun 1960, ya ga sun yi kama: kuɗin shigar mutum guda kusan ɗaya, dukansu ɗanyen kaya suke sayarwa waje, tallafin da suke samu ma kusan daidai. Bayan shekara talatin Koriya ta zama babbar ƙasar masana'antu, Gana kuwa abin da mutum guda yake samu bai wuce ɗaya bisa sha biyar na ɗan Koriya ba. Me ya kawo haka? A ganinsa al'ada ce babban dalili. 'Yan Koriya suna daraja tanadi da zuba jari da aiki tuƙuru da ilimi da tsari da horo, 'yan Gana kuwa abin da suke darajawa daban ne. Bai ma tsaya ya faɗi ko mene ne ba. Sakin layi ɗaya ne tak, amma ya yi tafiyar da littattafai masu shafi ɗari biyar ba su yi ba. Ya shiga laccoci da jaridu da huɗubobi, har ya iso bakin dattijon da bai taɓa jin sunan Huntington ba.

Kafin in taɓa shi, bari in ba shi abin da yake nasa. Ratar gaskiya ce, kuma ta fi yadda ya bar ta. A 2023 ɗan Koriya ta Kudu yana samun sama da dala 30,000 a shekara in an raba arzikin ƙasa kan kowa, ɗan Gana kuwa ya ɗan haura 2,000. Jaririn da aka haifa a Seul ana sa ran ya kai shekara 83, wanda aka haifa a Akra kimanin 65. A cikin yara dubu da aka haifa a Koriya, kamar uku ne ba sa kai shekara biyar, a nan kuwa kusan arba'in. Duk wanda ya ce waɗannan lissafin Turawa ne kawai, ya je maƙabartar unguwarsu ya ƙirga ƙananan kaburbura. Ba ni da jayayya da Huntington a kan inda ƙasashen biyu suka iso. Jayayyata a kan inda ya ce sun tashi ne, da kuma dalilin da ya bayar.

Mu fara da mafarin. Ha-Joon Chang, masanin tattalin arziki haifaffen Seul, ya kawo a littafinsa Bad Samaritans na 2007 cewa a 1961 kuɗin shigar ɗan Koriya dala 82 ne, na ɗan Gana kuwa 179. In haka ne ma ai ba daidai suke ba, Gana ta ninka Koriya. Amma wannan lamba me take aunawa? Kuɗin koko da zinariya da katako ne aka tara aka raba kan yawan mutane a takarda. Ba ta gaya maka mutum nawa ne suka iya karanta umarnin da aka rubuta jikin inji, ko manomi nawa ne suke noma gonar kansu. A 1960 kusan mutum bakwai cikin goma na manyan Koriya sun iya karatu, kuma kusan kowane yaro yana firamare. A Gana wajen mutum ɗaya ne cikin huɗu. Koriya tana da harshe ɗaya da rubutu ɗaya, wanda Sarki Sejong ya sa aka ƙirƙiro tun 1443, mai sauƙin da babba zai koya cikin 'yan kwanaki. Mu kuwa yaro sai ya fara koyon harshen wani kafin ya koyi lissafi.

Kuma Gana ɗin ma ba guda ba ce. Makarantar Mfantsipim ta bakin teku an kafa ta a 1876, amma arewa ba ta samu sakandaren gwamnati ba sai 1951 a Tamale, saura shekara shida a samu 'yanci. Ingilishi sun ajiye arewa ne a matsayin rumbun leburori, inda za a ɗebo ƙarti zuwa ma'adinai da gonakin koko da aikin soja da ɗan sanda. Wanda ya sauka gonar koko daga arewa, tsarin da ake kira abusa ya tarar: ya yi noman, ya karɓi kashi ɗaya cikin uku, gonar kuma ta wani ce. (A nan sai in ɗan karkace. Mai ƙidaya na wancan zamani in ya shiga zango ya tarar da malami yana rubuta wasiƙar ciniki da ajami, sau da yawa cikin waɗanda ba su iya karatu ba yake sa shi. Garuruwan da suka fitar da irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934 ya bar tarin rubutu da Hausa da Larabci, ba a rasa alƙalami a cikinsu ba. Sai dai gwamnatin mallaka da ta bayanta ba su taɓa ganin wannan ilimi a matsayin tubalin da za a ɗora wani abu a kansa ba.)

Koriya kuwa, tsakanin 1949 da 1950 ta yi dokar rabon gonaki. Kafin nan yawancin manoma 'yan haya ne a gonakin masu ƙasa. Dokar ta ƙayyade cewa gida ɗaya ba zai riƙe fiye da kimanin hekta uku ba, abin da ya haura aka sayar wa masu nomansa, suka biya da amfanin gona cikin shekara biyar. Tsoron kwaminisancin da ke arewa ne ya tilasta wannan, ba tausayi ba, amma sakamakonsa shi ne manomi ya samu abin da zai sayar ya kai ɗansa makaranta. Har laƙabi aka yi wa jami'a a can, ana ce mata hasumiyar ƙashin shanu, saboda yawan shanun noma da iyaye suka sayar don biyan kuɗinta. To ashe son ilimin da Huntington ya yaba yana da gona a ƙarƙashinsa. Mutum biyu da aka tarar da sule goma-goma a aljihunsu ba su zama tsara ba, in ɗaya yana da gona da takarda ɗaya kuma ba shi da su.

Inda gabatarwar ta fi ba ni haushi shi ne batun tanadi, domin a nan tarihi ya juya masa baya gaba ɗaya. A farkon shekarun 1960 ɗin da yake magana, abin da Koriya take iya ajiyewa daga arzikinta bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. Mutanen da yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ragargaza wa ƙasa, me za su ajiye? Sai a 1965, da gwamnati ta ninka ribar ajiyar banki daga kashi 15 zuwa 30, kuma albashi ya fara samuwa a masana'antu, kuɗi suka fara kwarara bankuna. Haka ma horo da kiyaye lokaci. Chang ya ba da labarin cewa a da akwai abin da ake kira lokacin Koriya, wato a yi alƙawarin ƙarfe biyu a zo ƙarfe uku, daidai da abin da muke zargin kanmu da shi yau. Baƙin Turawa da suka ziyarci Koriya da Japan shekara ɗari da suka wuce sun rubuta cewa mutanen malalata ne. Agogon masana'anta ne ya koya musu zuwa da wuri.

Yanzu a dubi namu. An ce Tetteh Quarshie ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879. Zuwa 1911 ƙasar nan ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko, kuma ba manyan gandayen Turawa suka yi wannan aiki ba, ƙananan manoma ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta bi su ƙauye-ƙauye ta fitar da littafi a 1963 a kan manoman kokon kudancin Gana. Ta nuna yadda suke haɗa kuɗi ƙungiya-ƙungiya su sayi daji, su raba gwargwadon abin da kowa ya zuba, su shuka itacen da sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya ba da wani abin kirki, ribar kuma su sake sayen wata ƙasar da ita. Har gadoji da hanyoyi sun gina da aljihunsu. Wannan matar ce daga baya ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta yi nazarin manoman Hausa. Littafin nata ya shekara talatin da bakwai a ɗakunan karatu kafin Huntington ya rubuta cewa abin da 'yan Gana suke darajawa daban ne. Ban ga alamar ya buɗe shi ba. Kakanninmu fatake da suke taka ƙasa daga Kano zuwa Salaga da jakuna, su kai kanwa da fata su komo da goron Gwanja, tafiyar watanni, su ma ban san wane suna zai ba abin da suke yi ba in ba zuba jari ba.

Tambayar da ta kamata ita ce, me ya samu mai tanadi a Gana? Amsar tana da tsawo, kuma ba daɗi. A 1947 aka kafa hukumar cinikin koko, wadda ita kaɗai ke sayen kokon manomi, a farashin da ta ga dama, ƙasa da na kasuwar duniya. Rarar aka riƙa ajiyewa a Landan, bayan 'yanci kuma gwamnati ta ci gaba da tatsa. Da manomi ya ga wahalarsa ba ta biya, sai ya daina sake shuka, ko ya ɗauki buhunsa da dare ya tsallaka Kwaddibuwa ko Togo. Kokon da ya haura tan 550,000 a kakar 1964 zuwa 1965 ya faɗo ƙasa da tan 200,000 a kakar 1983 zuwa 1984. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, dubban 'yan kasuwa Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa, wasunsu a nan aka haife su, suka karyar da rumfuna da gidaje suka hau manyan motoci. Babu zangon da ba shi da labarin wannan shekara. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola ta Akra, aka yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a da sunan yaƙi da kalabule. A 1982 aka janye takardar sidi hamsin, aka ce kowa ya kai tasa banki ya karɓi rasit, alhali hauhawar farashi tana shirin haura kashi 120 cikin ɗari a shekara mai zuwa. A Fabrairun 2023 ma, mun ga 'yan fansho da suka ba gwamnati rancen guminsu suna zaune a ƙofar ma'aikatar kuɗi da kwalaye a hannu, har da tsohuwar babbar alƙaliyar ƙasa Sophia Akuffo a cikinsu. Mutumin da aka yi wa haka sau biyar a rayuwarsa, in ya samu kuɗi ya saye bulo da siminti ko ya yi bikin 'yarsa da su, hankali ya yi. Duk da haka kowace yamma mai karɓar susu yana zaga kasuwa da ɗan littafinsa, 'yan kayayo ma da suke kwana a gaban shaguna suna zuba nasu.

Batun tallafi kuwa, da ya ce kusan ɗaya ne, sai dai in ce Allah ya kyauta. Koriya ta Kudu bakin daga ce a yaƙin cacar baka. A ƙarshen shekarun 1950 tallafin Amurka ne yake biyan mafi yawan kayan da ƙasar take shigowa da su. A 1965 ta daidaita da Japan, wadda ta mulke ta daga 1910 zuwa 1945, ta karɓi kyautar dala miliyan 300 da rancen miliyan 200, da wani ɓangare na kuɗin aka gina kamfanin ƙarfe na POSCO. Ta tura sojoji sama da 300,000 yaƙin Biyetnam a tsawon shekaru, kamfanoninta suka samu kwangiloli a can da dalar Amurka. Kasuwar Amurka kuma a buɗe take ga kayanta. Gana a 1965 ɗin nan faɗuwar farashin koko ta samu.

Sannan ga hujjar da ban taɓa jin masu ra'ayin Huntington sun amsa ta da kyau ba. Arewa da Seul kaɗan akwai wata Koriyar. Harshe ɗaya, kakanni ɗaya, tuwo ɗaya, girmama malami da iyaye iri ɗaya. Har zuwa wajen shekarun 1970 ma Koriya ta Arewa ce ake ganin ta fi ƙarfin masana'antu. A shekarun 1990 yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a can. In al'ada ce take yanke hukunci, wace al'adar ce ta rabu a kan layin da sojoji suka shata?

Kada mai karatu ya ɗauka ina neman wanke mu ne. Akwai abin da gwamnatin Koriya ta yi da tamu ba ta yi ba, kuma babu Baturen da ya hana mu. Nkrumah ya gina masana'antu da yawa, ya gina madatsar Akosombo da har yau muke shan wutarta. Amma masana'antar gwamnati a nan, ko ta ci riba ko ta faɗi, kuɗinta yana zuwa, manajanta kuma ɗan jam'iyya ne. Kamfanin narka alminiyum na Tema ya samu wutar Akosombo da araha, amma daga waje yake shigo da kayan aikinsa, alhali muna da dutsen a ƙasarmu. Park Chung-hee, sojan da ya ƙwace mulki a Seul a 1961, shi ma ya ba 'yan gaban goshinsa rance mai sauƙi ya kare su daga kayan waje, sai dai ya ɗaura musu sharaɗi: ka sayar a kasuwar duniya, in ka kasa a yanke maka bashin. Kowane wata yana zama da ministoci da 'yan kasuwa ana duba wa ya cika alƙawari. Da gashin kanti da katakon filawud da riguna suka fara. Cinikinsu na waje ya kai dala miliyan 100 a 1964, ya kai biliyan 10 a 1977. Samsung ɗin da ke aljihun dattijona, a 1938 shagon busasshen kifi da taliya da kayan gwari ne a garin Daegu. Muna da irin waɗannan shaguna a Kejetia. Abin da ba mu samu ba shi ne hukumar da za ta riƙe su shekara talatin a kan hanya ɗaya, tana ba su tana kuma tambayarsu. Mu daga 1966 zuwa 1981 sau biyar soja yana sauya mai mulki, kowa ya zo sai ya kwance saƙar na gabansa.

Na san akwai masu jin wannan su ce, to ai shi ke nan, soja mai ƙarfi muke bukata. Ina jin wannan a waya kusan kowane mako, musamman tun da maƙwabtanmu na arewa suka koma hannun soja. Sai in tuna musu cewa mun gwada, har sau biyar, kuma Afirka ta ga sojoji da yawa ba ta ga Koriya ko ɗaya ba. In kuma tuna musu kuɗin da aka biya a can. Ranar 13 ga Nuwamban 1970 wani matashi mai yankan tufafi ɗan shekara 22, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a kasuwar ɗinki ta Seul, saboda 'yan mata ƙanana da ake sa wa aikin awa sha huɗu ko fiye a ɗakunan da ba a iya miƙewa tsaye. Park kansa shugaban hukumar leƙen asirinsa ne ya harbe shi a 1979. A Mayun 1980 sojoji suka buɗe wa mutanen Gwangju wuta. Sai a 1987 jama'a suka ƙwato zaɓe da zanga-zanga. Inshorar lafiya ta game kowa a 1989, bayan an samu bakin magana. Abin da Huntington ya kira horo, wani ɓangarensa bakin bindiga ne, kuma gabatarwarsa ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Saura ɓangaren da ya fi mini wuyar rubutawa, domin a nan da 'yan'uwana nake. Duk lokacin da aka kawo wannan kwatanci, akwai amsar da muke fakewa da ita: su suna da kuɗi, mu muna da kwanciyar rai. Kuma akwai abin kamawa a ciki. Koriya ta Kudu ce kan gaba a yawan masu kashe kansu a cikin ƙasashe masu arziki. A 2023 lissafin haihuwarta ya faɗo zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya, mu muna kusan huɗu. Tsofaffinta kusan huɗu cikin goma suna cikin talauci a ma'aunin ƙasarsu, ana ganin wasu suna tura kura suna tsintar kwali. Yara suna fita makaranta su shiga darasin kuɗi har dare saboda jarrabawa ɗaya ta rana ɗaya. Wanda ya kalli fim ɗin Parasite na 2019 ya ga iyalin da ke zaune a ɗakin da rabinsa yana ƙarƙashin ƙasa, kuma a Agustan 2022 ambaliya ta kashe mutum uku 'yan gida ɗaya a irin wannan ɗaki a Seul. A zango tsoho ba ya kwana uku a mace ba a sani ba. Ranar da bai fito asuba ba za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan arziki ne, kuma babu ma'aunin Bankin Duniya da yake kama shi.

Amma ni na daina faɗin wannan magana da sakin baki tun wani dare a damina. Matar yayana ta fara naƙuda da zubar jini. Muka sa ta a tasi, asibitin farko aka ce babu gado, na biyu aka ce babu gado, a na uku aka karɓe ta a kan benci, aka tura mu neman jini da ƙarfe biyun dare. Zumunci ya yi aikinsa, kafin asuba samari shida daga unguwa sun zo an gwada jininsu. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Koriya tana da gadon asibiti sama da goma sha biyu ga kowane mutum dubu, Gana ba ta kai ɗaya ba. A cikin haihuwa 100,000, matan da suke mutuwa a can kamar goma ne, a nan sun haura ɗari biyu. Samarin nan shida ba zan taɓa mance alherinsu ba, amma da za a tambayi matar yayana a daren nan, gado take so. Kuma mu lura da inda ƙafafu suke nufa. Yaranmu ne suke sayar da babur su bi ta Agadas, ma'aikatan jinyarmu ne suke layin neman takardar tafiya Ingila. Wanda yake cewa mun fi su kwanciyar rai, sau da yawa yana da kuɗin asibitin kuɗi.

Saboda haka nake ganin Huntington da mai wannan ta'aziyya gida ɗaya suka kwana ba su sani ba. Dukansu sun mai da abin hali: ɗaya ya ce halinmu ne ya hana mu, ɗaya ya ce halinmu ne ya wadatar da mu. Da zarar an ce hali ne, babu ministan da za a tambaya ina gadon, babu wanda za a tambaya ina kuɗin koko. Shi ya sa wannan sakin layi yake da farin jini a bakin masu mulki. Na sha jin babban mutum a kan mumbari yana ce wa talakawa su canza ɗabi'a su zama kamar 'yan Asiya, sannan ya shiga mota ya nufi filin jirgi don ganin likita a waje.

Bayan kusan wata biyu na ware awa guda a shirin na kawo yawancin abin da na rubuta a nan, na kuma roƙi dattijon ya kira. Ya kira. Ya saurare ni har na kai kan takardar sidi hamsin, sai ya tsayar da ni. Ya ce a 1982 yana sayar da goro, ya tara kuɗin da zai sayi fili a bayan gari, duk a takardun hamsin-hamsin a cikin gwangwani. Ya kai su banki da hannunsa aka ba shi rasit. Ya ce, "Ɗana, rasit ɗin yana nan cikin akwatina, in ka zo gida zan nuna maka." Na ce, "To Baba, wanda ya tara kuɗin fili da cinikin goro, shi ne malalacin?" Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ba da kansa yake ba, da 'yan yanzu yake. Mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu cewa lokacin labarai ya yi.